Kafin ka biya kuɗin wuri a Legas

Ƙanena, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka haɗa ɗan jari kana son saukowa Legas ka kafa tireda da teburin shayi, har wani abokinka ya hango maka fili a bakin titi a Agege, kuɗinsa ba yawa, ga jama'a ba masaka tsinke. Allah ya sa wa niyyar albarka. Amma don Allah kada ka tura wa kowa ko kwabo sai ƙafarka ta taka wurin.

Yawan jama'ar garin nan yana ruɗin baƙo. Ka tsaya a Oshodi da sassafe, dubban mutane za su wuce ta gabanka, amma kowa sauri yake ya kama ƙaramar bas ta danfo ko doguwar bas ta BRT kafin hanya ta cushe. Mai shayi masu zama yake bukata: direbobin da ke jiran lodi, masu gadin da suka kwana a bakin aiki, leburorin gini, 'yan dakon da ke sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 tun kafin asuba. Tireda kuwa ta fi son layin da gidajen haya suka cika da iyali, inda za a riƙa aiko yaro sayen sukari da sabulu. Ko gefen titin da ka zauna yana da magana. Mutum ba ya sayayya lokacin da yake rige-rigen tafiya aiki, sai da yamma in ya sauka mota zai shiga gida. Idan kana ɗaya gefen, ga shingen kankare a tsakiyar titi, babu mai tsallakowa dominka.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne arahar. Araha ba ta ado, kuma a Legas filin bakin titi mai sauƙin kuɗi yawanci wanda zai karɓi kuɗinka ba shi da iko da shi. Jihar tana da dokar hana kasuwanci a kan titi tun 2003, a 2016 kuma gwamnatin Ambode ta tsananta ta, aka sanar da tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata shida ga mai saye da mai sayarwa. A watan Janairun shekarar ne aka rushe kasuwar Owonifari da ke Oshodi, balle rumfar kwano ta mutum ɗaya. Duk filin da ke kan magudanar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko gab da layin dogo, ka guje shi ko kyauta ne. Layin dogon nan ya ratsa tsakiyar Agege, kuma tun da aka buɗe jirgin Red Line a 2024 idon hukuma yana kan gefensa. Ka tambayi wa ke da filin, ka gan shi ido da ido, ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya. Akwai 'yan ƙasa da ake kira omo-onile, yau wannan ya karɓa, gobe wani ya zo ya ce na kakansa ne. In cikin kasuwa ne, a kai ka gaban iyaloja ko babaloja, wato shugabannin kasuwar, ka kuma je ka gai da Sarkin Hausawan unguwar a san da zamanka.

Kada kuma ka jingina cinikinka ga mutane iri ɗaya. A watan Yunin 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, a Satumba aka ƙara huɗu, har da Mushin da Kosofe, wato inda Idi-Araba da Mile 12 suke. Masu shayi da masu abinci da yawa 'yan acaba ne suka riƙe musu tebur, da aka watse ciniki ya tafi da su.

Na san ranka zai so zama cikin namu, kuma don masauki babu kamar hakan, ga masallaci, ga wanda zai tsaya maka ranar matsala. Sai dai a Zangon Agege shayin da za ka dafa akwai masu dafa shi a kowane lungu, kuma ɗan garinku ne zai ci bashin da kunya za ta hana ka bi. Ka kwana cikin Hausawa, ka nemi wurin sana'a inda babu mai yin irin taka kusa, ka fara koyon gaisuwar Yarabanci da ɗan buroka.

Ka yi lissafi da kyau. Bayan hayar shekara akwai kuɗin dillali, da na lauya, da na ajiya saboda ɓarna. Dokar haya ta 2011 ta hana a karɓi fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma za ka ji ana neman biyu, to kada ka zuba jarinka duka a haya ka zauna da kanta babu kaya. Ka duba gindin bango ma, domin ruwan Yuni da Yuli yana barin shaida a inda ya taɓa kaiwa.

In ka tsayar da ranar tahowa ka sanar da ni, mu je mu ga filin abokin naka da asuba, mu koma bayan isha'i, mu kuma ji ta bakin maƙwabtan wurin. Ka gai da su Inna da kyau.