Kalmomin Neman Aure a Tsofaffin Littattafan Turanci

Tambaya: Malam, an ba mu littafin Jane Austen, Pride and Prejudice, a makaranta. Na ga ana cewa budurwa tana da "fortune", kuma Mista Bennet ya ce surukinsa Wickham "makes love to us all", abin ya ɗaure mini kai. Sannan me ya sa Lydia ta ce Gretna Green za ta gudu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. A 1813 da littafin ya fito, "make love" ba kwanciya yake nufi ba. Zance ne, irin daɗin bakin da saurayi ke yi don ya samu shiga. Dattijon cewa yake Wickham na yi wa kowa a gidan daɗin baki. Ma'anar da kika sani sai a ƙarni na 20 ta danne tsohuwar.

Inda nake so ki fi ba da hankali shi ne maganar kuɗi, don yawancin kalmomin nan na lauyoyi ne, ba na masoya ba. "Fortune" ko "portion" ita ce dukiyar da mace ke zuwa da ita daga gidansu. Kada ki ɗauke ta sadaki. Sadaki miji ke bayarwa, kuma na matar ne. A Ingila ta wancan zamani kuwa, da zarar an ɗaura aure kuɗin mace ya zama na miji, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara hakan. Shi ya sa iyaye ke rubuta "settlement" kafin biki, a killace wani kaso saboda ita da 'ya'yanta. "Jointure" kuma abin da za ta ci da shi ne in mijin ya riga ta rasuwa.

Duba lissafin. Ƙanwar Darcy, attajirin cikin labarin, tana da fam 30,000. Elizabeth, 'yar Mista Bennet, kuwa fam 1,000 za ta samu bayan rasuwar mahaifiyarta, wanda ba zai kawo mata fiye da fam 40 a shekara ba. Gida da filayen babansu kuma "entail", wani sharaɗin gado, ya ɗaure su ga magaji namiji, wato Mista Collins, ɗan uwan baban nasu. Ɗalibai kan yi wa uwarsu dariya saboda zumuɗin aurar da 'ya'ya, amma ni tausayi take ba ni: 'ya'ya mata biyar gare ta, kuma ranar da maigidan ya rasu ba su da wurin zama.

Gretna Green ƙauye ne a Sikotilan, dab da iyakar Ingila. Dokar aure ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye, amma ba ta shafi Sikotilan ba. Can a lokacin furuci a gaban shaidu ya wadatar, har maƙeri kan ɗaura. Lydia, autar Mista Bennet da ta gudu da Wickham, shekarunta 16. Da sun isa can, abin kunya ne amma aure ne. Abin da ya girgiza gidan shi ne jin cewa a Landan suka tsaya, babu aure.