Likita ya amsa: allurar Sinawa, ciwon baya da neman haihuwa

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu guda, jinyar nan ta ƙasar Sin da ake tsira siraran allurai a jiki, wadda ake kira akufanca. Na zaɓi huɗu.

Tambaya: Likita, ni direban babbar mota ne. Shekara uku ina fama da ciwon baya, ƙwayoyin kashe zafi har sun fara ƙona mini ciki. An ce in gwada allurar Sinawa. Wane magani ake zubawa a cikinta?

Amsa: Malam, ko ɗigo babu. Allurar ba ta da rami, siririya ce ƙwarai, ba irin ta asibiti ba. Za ka kwanta rub da ciki, a tsira maka su a baya da ƙafafu, a bar su kamar minti 20 zuwa 30. Abin da yawanci ake ji ɗan tsami ne ko nauyi a wurin. Sinawa sun haura shekara 2,000 suna wannan aiki, kuma a bayaninsu na gargajiya akwai wani ƙarfi da ke bin hanyoyi a jiki, in ya toshe sai ciwo ya taso. Likitancin zamani bai ga waɗannan hanyoyi ba, ko a fiɗa ko a hoto. Abin da aka gani shi ne sukar tana motsa jijiyoyi, jiki ya saki sinadaransa masu rage zafi.

A 2007 an fitar da sakamakon wani gwaji a Jamus kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Waɗanda aka yi wa allurar bisa ƙa'ida, kusan kashi 48 cikin ɗari sun samu sauƙi. Waɗanda aka tsira wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Waɗanda aka yi wa jinyar asibiti da aka saba kuwa, ba allura, kashi 27. Wato sauƙin gaskiya ne, amma da alama ba daga sanin gurbin allurar ya fito ba. Shi ya sa kan likitoci ya rabu: ƙungiyar likitocin Amurka ta saka ta cikin abin da za a iya gwadawa a 2017, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya kuwa a 2016 ta ce kada a yi ta don ciwon baya.

Ni dai ba zan hana ka ba. Ka gwada zama shida, in babu canji ka riƙe kuɗinka. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin nan. Shan irin su diclofenac da ibuprofen kullum yana iya jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda, don haka ka je a duba ka. In ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan na gaggawa ne.

Tambaya: Ciwon ɓarin kai yana kwantar da ni sau uku ko huɗu a wata. Za ta yi mini amfani?

Amsa: 'Yar'uwa, nan hujjar ta fi ƙarfi. Ita dai hukumar NICE ta yarda a gwada har zama 10 cikin mako 5 zuwa 8 idan magungunan rigakafi ba su karɓi mutum ba. Ki sami littafi ki riƙa rubuta ranakun ciwon tun kafin ki fara, lissafin ne zai gaya miki gaskiya.

Tambaya: Shekarata shida da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Wani mai magani ya ce allurai za su buɗe mini mahaifa, amma kuɗin sai na sayar da sarƙata.

Amsa: Hajiya, kada ki sayar. Na san nauyin da kike ɗauke da shi, na ga mata da yawa sun zauna gabana suna murza bakin mayafi, maganar ta kasa fita. Amma allura ba ta buɗe bututun da ya toshe. A 2018 an wallafa gwajin da aka yi a Ostireliya da New Zealand kan mata 848 masu dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti a mayar cikin mahaifa, kuma masu allurar gaske da masu ta jabu kusan daidai suka haihu, wajen kashi 18 kowane ɓangare. Kuɗin nan ki kai su inda za a duba ko kina fitar da ƙwai, a kuma ɗauki hoton bututun mahaifa. Sannan maigida ya yi gwajin maniyyi. Shi ne mafi sauƙi da araha, kuma sau da yawa matsalar tana can, matar ce kawai ake ta ɗora wa. Allah ya ba ku masu albarka.

Tambaya: Mahaifinmu yana da hawan jini da ciwon suga. Yana so ya bar ƙwayoyi ya koma allurai.

Amsa: Ka roƙi Baba, don Allah kada ya bari. Allurai ba sa maye gurbin maganin hawan jini ko na suga, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki. In gwiwa ce ke damunsa, zai iya gwadawa yana kan shan maganinsa.

Ku raka shi, ku ga an yage sabon ƙunshin allurai a gabanku, an kuma jefar bayan an gama. Allurar da aka maimaita, kamar askar wanzami da ba a sauya ba, tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. In yana shan maganin tsinka jini irin warfarin, ku faɗa tun farko. In kuma an tsira masa a ƙirji ko saman baya, daga baya numfashi ya yi wuya, ku wuce asibiti nan take, mai yiwuwa an taɓa huhu.