Amabo daidai, regebo kuskure a Latin: ina dalili?

Ka tambaye ni: "Malam, na rubuta amabo da nufin zan so, ka ce daidai. Na bi sawunsa na rubuta regebo da nufin zan mulka, ka ja masa jan biro. Ina laifina?"

To yarona, ka yanka wa mutum biyu riga da awo ɗaya ne. Mu a Hausa "za" kawai muke sa wa a gaba: zan, za ka, zai. Latin kuwa a ƙeyar aikatau take nuna lokaci mai zuwa, kuma hanyarta biyu ce, ba ɗaya ba.

Aikatau na Latin an kasa su aji-aji. Aji na 1 da na 2 su ne masu b. Cire re daga amare, so, saura ama, sai ka ɗafa: amabo, amabis, amabit, amabimus, amabitis, amabunt. Monere, yin gargaɗi, haka yake: monebo, monebis. Lura da na ƙarshe, bunt ne, babu wani bint. Kada kuma ka rikita amabit, zai so, da amabat, ya kasance yana so. Wasali ɗaya ya raba su.

Aji na 3 da na 4 ba ruwansu da b. Mai magana shi kaɗai yana ɗaukar a, saura duk e: regam, reges, reget, regemus, regetis, regent. Audire, ji, yana riƙe da i ɗinsa: audiam, audies, audiet. Capio, kamawa, ma haka, capiam, capies. A tsohuwar Latin ta Plautus, marubucin wasan kwaikwayo na Rum, za ka ci karo da scibo, zan sani, amma kai rubuta sciam.

Yanzu ga ramin da ya haɗiye ka. A takarda monere da regere kamar tagwaye suke, alhali e na tsakiyar monere dogo ne, na regere gajere, kamar yadda muke rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, sai baki ya bambanta su. Kada ka yi canke. Buɗe ƙamus ka dubi sigar farko: moneo yana da e kafin o, aji na 2 ke nan, rego ba shi da shi, aji na 3. In ka tsallake wannan, fassara ma za ta karkace maka, don monet yana gargaɗi ne yanzu, reget kuwa zai mulka ne nan gaba. Na yanzu shi ne regit.

Regam ɗin ma fuska biyu gare shi: zan mulka, ko kuma in mulka. Jimla ce kaɗai za ta raba gardama.

Sum, kasancewa, hadda ake yi masa: ero, eris, erit, erimus, eritis, erunt. Possum, iyawa, na biye da shi, potero. Eo, tafiya, duk da sigarsa ire ta yi kama da aji na 4, ibo yake yi.

Kafin gobe ka tasrifa mini duco da doceo gefe da gefe, da baki tukuna, sannan a takarda.