Amsa ga Yaya kan maganar rijiyar burtsatse

To assalamu alaikum jama'ar gida, a yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo. Yaya na ji saƙonki, kin ce a ja wa yaran nan kunne su daina saka hoton burtsatsen unguwarmu a Facebook, wanda aka kafa wa allo wai an kammala alhali ko ɗigon ruwa babu, kar a wayi gari a zo a kwashe su. Wallahi tsoronki yana kan hanya. Dadiyata, mai sukar gwamnati a intanet ɗin nan, tun watan Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna, har yau iyalinsa ba su sa shi a ido ba. Ɗalibin nan na jami'ar Dutse ma a 2022 kan rubutu guda a Twitter game da matar shugaban ƙasa aka kawo shi har Abuja, sai da ya kwana a gidan yarin Suleja kafin a janye ƙarar.

Amma Yaya, a ce su yi shiru, ni dai gaskiya ban yarda ba, mata da yara kullum da jarka tun asuba suna bin masu kura, mu kuma mu naɗe hannu?

Abin da ake kama mutane da shi yawanci sashe na 24 ne na dokar laifukan intanet ta 2015. A da ko ɓata wa mutum rai ka yi da rubutu ana iya maka ka, ɗaurin da zai kai shekara 3 ko tarar miliyan 7. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye haƙƙin faɗin albarkacin baki, a 2024 aka yi masa gyara, yanzu ya fi tsayawa kan ƙaryar da ka san ƙarya ce ka yaɗa don tada fitina ko jefa rai cikin haɗari. Ana ci gaba da gayyatar mutane ofishin 'yan sanda duk da haka, shi ya sa nake cewa yara, ku bar zagi, ku bar kiran mutum ɓarawo ba takarda a hannu.

Takardar kuwa akwai hanyar samunta. Dokar 'yancin samun bayanai, Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2011. Wasiƙa ce kawai, ka rubuta wa ma'aikatar da ta ba da aikin, wa aka ba kwangila, nawa aka ware, nawa aka biya, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Kwana 7 doka ta ba su su amsa. Ka yi kwafi biyu, ka tsaya a gaban akawu har ya buga hatimi da kwanan wata a naka kwafin, kar ka yarda da "ajiye ka tafi", don wannan hatimin shi ne shaidarka in an je kotu, kuma kwana 30 kake da shi na shigar da ƙara in sun hana. Masu cewa dokar ba ta shafi jihohi ba, Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su, har mu nan Filato.

In sun amsa, a saka amsar gefen hoton busasshen famfon. In sun ƙi, a saka wasiƙar mai hatimi. Kuma kar a bar yaro ɗaya ya sa hannu, mu manya mu sa namu, har ke Yaya in kin amince. Asabar bayan la'asar ku same ni a gida mu rubuta, wani ya ɗauko hoton allon nan yadda sunan ma'aikatar zai fito sosai.