Murmushi ne ko dariya? Tambayar wata malamar aji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, aji biyar nake koyarwa. Ina da wata ɗaliba da duk lokacin da na tsayar da ita ina yi mata faɗa sai ta sunkuyar da kai, ta toshe baki, ta riƙa wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunta na rawa. Ni dai raini na ɗauke shi. Abokiyar aikina kuwa ta ce in ƙyale yarinya, ai murmushi ne ya ɗan yi sauti, murmushi kuma ba laifi ba ne. Da gaske abu ɗaya ne? Me kowannensu yake nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar aikinki ta yi daidai da ta ce ki sassauta wa yarinyar, sai dai dalilin da ta kafa hujja da shi bai zauna ba. Murmushi daban, wannan dariyar daban, kuma bambancin nasu ne ma zai fi wanke ɗalibarki.

Murmushi aikin fuska ne. Akwai tsoka da ta taso daga ƙashin kunci zuwa gefen baki, ita ke jan leɓɓa sama. In farin cikin na gaske ne, sai tsokar da ta kewaye ido ta shigo, kunci ya ɗago, gefen ido ya tattare. Wani likita ɗan Faransa, Duchenne, shi ya bayyana wannan a 1862, bayan ya riƙa motsa tsokokin fuskar mutane da wutar lantarki yana ɗaukar hotonsu. Baki kaɗai in ya motsa ido bai bi ba, shi ne muke kira yaƙe. Ke nan murmushi yana hannun mai shi: yana iya yi wa baƙo, ya yi wa surukinsa, ya yi wa wanda ke binsa bashi, ya kuma ɗauke shi lokacin da ya ga dama.

Dariya kuwa, komai ƙanƙantarta, aikin numfashi ce. Tsokokin ƙirji da na ciki ne ke fizgar iska waje gutsi-gutsi, maƙogwaro ya ba ta sauti. Shi ya sa kafaɗun yarinyar ke rawa. Murmushi ba ya girgiza kafaɗa. Dariya ba ta cika neman izini ba, kuma daɗa matse ta da ake yi, daɗa ƙarfi take. Duk wanda dariya ta taɓa kamawa a sahun salla ko a wurin zaman makoki ya san irin wahalar.

Dubi jariri ma. Murmushin da yake yi wa fuskar mutum yana fara bayyana ne wajen mako 6 zuwa 8, kusan lokacin da mai jego ke yin arba'in. Dariya mai sauti kuwa sai ya kai wata 3 ko 4. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, a 1872, ya karkata ga ra'ayin abokiyar aikinki, yana ganin abu ɗaya ne mai hawa-hawa, daga murmushi har zuwa ƙyaƙyatawa. Shekara 100 cif bayan haka, a 1972, wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan van Hooff, ya zo da bayanin da na fi gamsuwa da shi. Ya lura birai na da fuska iri biyu. Akwai wadda na ƙasa ke yi wa na sama, ya buɗe haƙora shiru, alamar "ban zo da faɗa ba". Akwai kuma ta wasa, baki a sake, ana haki, wadda suke yi in suna kokawa ko ana yi musu cakulkuli. A ganinsa ta farkon ce tushen murmushi, ta biyun kuma tushen dariya.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da raba su, kuma a kan sauti suka ja layin. A Risala da Ahalari, waɗanda ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya yi dariya cikin salla sallarsa ta ɓaci, wanda ya yi murmushi kuwa babu komai a kansa. Hanafawa sun ƙara tsefe abin: murmushi shi ne marar sauti, dariya ita ce wadda mutum ya ji shi kaɗai, ƙyaƙyatawa kuma wadda na kusa da shi ya ji, kuma a wurinsu ta ƙarshen har alwala take warwarewa in a cikin salla mai ruku'u da sujada ce.

To me ke sa yaro dariya a gaban faɗa, inda babu abin ban dariya? Mafi yawan dariyar mutane dama ba barkwanci ke jawo ta ba. Robert Provine na Jami'ar Maryland a Amurka ya bi mutane yana sauraron hirarsu, ya gano cewa akasarin dariya tana biyo bayan magana ce ta yau da kullum, kuma mutum ya fi yin dariya a cikin jama'a kusan ninki 30 fiye da in yana shi kaɗai. Jama'a ke kunna ta. Yarinyar da aka tsayar gaban aji, idanu sun yi mata caa, tana son ta amsa, tarbiyya ta hana ta mayar wa babba magana, kuka kuma abin tsokana ne a wurin ƙawaye. Abin da ya taru a ƙirji dole ya nemi mafita, sai ya ɓulle ta wannan 'yar dariyar. Ita kanta takan fi kowa jin haushinta.

Labarin zuciya a tambayi fuska, don haka ki duba abin da ke rakiyar dariyar. Dacher Keltner, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, a wani bincike da ya wallafa a 1995, ya jera alamomin jin kunya: ido ya yi ƙasa, kai ya kauda gefe, leɓɓa na ƙoƙarin danne murmushi, hannu na kaiwa ga fuska. Kusan abin da kika zayyana ke nan, har da toshe baki. Raini yana da nasa kayan aikin, kuma ba sai na koya wa malamar aji biyar su ba: kai a ɗage, harara, murguɗa baki, tsaki, ƙunƙuni, da satar kallon ƙawaye don a ga ko an burge su. Wannan na ƙarshen shi ne ma'aunin da na fi amincewa da shi. Mai raini tana neman 'yan kallo, mai kunya kuwa ɓoye musu take yi. Kuma kada murmushi ya rufe miki ido, domin yaro na iya yin shiru da ɗan murmushi a gefe ɗaya na baki, ya fi mai dariyar nan rainin wayo nesa ba kusa ba.

Shawarata, ki daina tsayar da ita a gaban aji. Kira ta gefe a lokacin tara, ki zaunar da ita, ki faɗi laifin a taƙaice. In dariyar ta zo, kada ki ce "me ake wa dariya?", wannan tambayar ƙara rura ta take yi. Ki yi shiru, ki ba ta ɗan lokaci ta ja numfashi, sannan ki ci gaba. In kin ga a keɓe ba ta yi, to idon jama'a ne ke jawo ta.

Abu ɗaya ne zai sa in ce a kai ta asibiti: in dariyar na zuwa haka kawai ba tare da an yi mata magana ba, tana maimaituwa iri ɗaya, idonta ya kafe, ko ta kasa tuna abin da ya faru. Akwai nau'in farfaɗiya da ke zuwa da dariya. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma bai yi kama da abin da kika bayyana ba, amma in kin taɓa ganin haka ki sanar da iyayenta.