Amsa: "boom" ba kullum ƙarar bam ba ce

Malam, ka tambaya me ya sa littafin tarihinku ya rubuta "oil boom", alhali kai ka san kalmar da ƙarar fashewa. Kwantar da hankalinka, ba rijiyar mai ce ta tashi ba.

Asalinta kwaikwayon sauti ne, irin rugugin aradu ko na igwa. Daga nan Turawa suka ara ta ga duk abin da ya bunƙasa farat ɗaya. Lokacin da littafin yake nufi shi ne bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, da farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi suka yi wa gwamnatin Gowon yawa, har aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da ake kira Udoji. Tambayi dattawan gidanku, har yau suna labarinsa. Haka "baby boom", yawan haihuwar da aka yi a Amurka daga 1946 zuwa 1964.

Akwai kuma wata "boom" daban, daga harshen Holan, mai nufin itace. Ita ce doguwar sandar da ake rataya makirufo a wajen ɗaukar fim, da shingen da ake shimfiɗawa kan ruwa don tare malalar mai a Neja Delta.