Fentin Daɓen Gareji da Zafin Afrilu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara aka shafa min fenti a daɓen gareji, amma da zafin Afrilu ya shigo sai ya dinga ɓallewa daidai inda tayoyi ke tsayawa. Me zan shafa ya daɗe? Hajiya, daga Barnawa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tayar ce ke shigowa da zafin kwalta, ta tausasa fentin, in ta huce ta manne masa ta ɗago shi. Ki nemi ifoksi, wanda ake gauraya ruwansa kala biyu, sai dai rana tana mayar da shi rawaya. In garejin a buɗe yake, a ɗora masa foliyuritan, wani shafi mai jure rana, a sama.

Amma ni a ganina shirin daɓen ya fi fentin muhimmanci. A bari sabon siminti ya cika kwana 28 kafin a shafa. A goge saman da injin goge daɓe, a kawar da tabon man mota tsaf. Ki manna leda a ƙasa ta kwana; in da safe kika ga raɓa a ƙarƙashinta, daɓen bai bushe ba, a dakata. Kada a yi aikin ranar da hunturu ya turnuƙe, ƙurar za ta zauna cikin fentin har abada.